Tauraron Farfesa Marika

Tun da na dawo Kiru ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin mai shayi sai a zagaye ni. Wannan ya ce, "Malam Nafi'u, da gaske ne ka taka ƙanƙara da ƙafarka?" Wancan ya ce, "An ce ka leƙa cikin tauraro, me ake dafawa a ciki?" Sule Tela kuwa, abokina tun firamare, kullum tambayarsa ɗaya ce, wai ko matan can suna da kirki. Na gaji da ba da labarin a gutsure, kowa ya ɗauki guntunsa ya ƙara masa gishiri, har na ji a kasuwar Bebeji ana cewa wai sama aka harba ni. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, har da wurin da nake tsallakewa saboda kunya.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamin fiziks ne a wata sakandare a nan Kiru, ina kuma zuwa Kano ƙarshen mako don karatun digiri na biyu. Aikin da aka ba ni a kan wasu tsofaffin taurari ne. Akwai wurare a sama inda taurari dubu ɗaruruwa suka taru suka dunƙule kamar curin fura. Tare aka haife su, tare kuma suke tafiya. Idan ɗaya ya tsufa sai ya kumbura ya yi ja, ya zama ƙato. A can cikinsa inda wutar take, sinadarin kabon, wato abin da gawayi ya ƙunsa, yana sauya hali. Mara nauyi, wanda muke kira sha biyu, yana komawa mai ɗan nauyi, wanda muke kira sha uku. A ranarmu ta duniya sha ukun kaɗan ne ƙwarai. A fatar waɗannan jajayen ƙatti kuwa sai ka tarar ya yi yawa, har ya wuce abin da lissafi ya yarda da shi. Ke nan wani abu yana tuƙa tauraron, yana ɗebo na gindi yana kawowa sama. Muciyar ce har yau ba a gama gane ta ba.

Nawa aikin shi ne in auna taurari shida waɗanda suke daidai gaɓar da tuƙin yake farawa. Na'urar da za ta iya wannan tana kan wani tsauni a Afirka ta Kudu. Wata tsohuwar farfesa ta sami dare uku a kanta, malamina na Kano ya roƙe ta, ta yarda in zo mu yi tare. Makaranta ta ba ni hutun zango ɗaya, shugabanmu kuma ya gaya mini baki da baki cewa babu na biyu. In ban dawo da taurarin nan shida ba, babu digiri bana.

Kafin tafiya sai da na yi zagayen sallama, domin a gidanmu ba a tsallake ƙasa da saƙon waya. Damina ta zauna, masara ta wuce ƙugu. Na hau babur zuwa Kwanar Dangora, na shiga motar Tudun Wada. Can Goggo Ladi, ƙanwar mahaifina, ta saurari bayanina har ƙarshe tana tsince shinkafa, sannan ta ce, "To kai ɗan nan, tauraron da ya tsufa ai sai a bar shi ya huta." Ta ƙulle mini daddawa da yaji a leda uku-uku, ta ce ta ji labari mutanen can ba su san miya ba. Daga nan na wuce Doguwa wurin Baffa. Mun ratsa dajin Falgore ana yayyafi, hazon ruwa ya sauko ya kwanta a kan itatuwa. Na jingina da taga ina gyangyaɗi, sai nake ji kamar tafiyar ta riga ta fara ba da sanina ba. Baffa ya yi mini addu'a doguwa, ya tambaye ni ko akwai masallaci a kan tsaunin. Na ce ban sani ba. Ya ce ƙasa dai ai akwai, to ta isa.

Daga Abuja na tashi. Ban yi barci a jirgi ba, ina ta kallon ɗan jirgin da ke rarrafe a allon gabana har ya tsallake tsakiyar duniya. A wurin duba fasfo wani jami'i mai faɗin kafaɗa ya juya takarduna ya ce, "Me ka zo yi?"

Na ce, "Kallon taurari."

Ya ɗago ya dube ni. "Babu taurari a ƙasarku?"

"Akwai, ranka ya daɗe. Na'urar ce babu."

Ya buga hatimi yana girgiza kai. Wurin duba kaya ne aka yi ta. Wani ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. Aka buɗe, aka warware ledar Goggo ɗaya bayan ɗaya, da aka zo ta ƙarshe sai matar da ke dubawa ta ja da baya ta toshe hanci. Na yi iya Turancina in bayyana mata ɗorawa da kalwa, ban yi nasara ba. Da safar hannu aka ɗauki daddawar aka tafi da ita kamar mai laifi. Yajin dai ya tsira.

Na kwana ɗaya a birnin Cape Town, a gidan wata dattijuwa Musulma mai saukar baƙi, sunanta Gadija. Ta ce kakanninta daga tsibiran gabas aka kawo su tun zamanin bayi. Na yi mata sallama ta amsa da cikakkiyar amsa, sai na ji wani abu ya kwance a ƙirjina. Ta kawo shinkafa rawaya da busasshen inabi a ciki, da nama mai zaƙi-zaƙi. Na ci don yunwa, ina tunanin abin da Goggo za ta ce in ta ji an sa wa nama sukari. Da na fito alwala kuwa ruwan famfo ya kusa cire mini yatsu. A watan da muke shan zufa a gona, su a tsakiyar hunturu suke.

Kashegari aka turo mota. Direban wani tsoho ne siriri mai hular ulu, sunansa Pita, shi ne kuma makanikin da ke kula da injinan na'urar. Ni dai Baba Pita na riƙa ce masa, ya ji daɗin abin. Muka bar teku, muka ratsa duwatsu, muka faɗa wani fili da suke kira Karoo. Ban taɓa ganin ƙasa babu mutane kamar wannan ba. A wurinmu ko tsakiyar Falgore ne sai ka ga mai itace, ko Bafulatani a tsaye da sanda a kafaɗa. Nan kuwa sai ka yi awa guda ba ka ga ɗan Adam ba, sai waya da tumaki, tumakin ma babu mai kiwonsu. Na tambayi Baba Pita wa yake gaishe su da safe. Ya yi dariya har ya yi tari. Rana tana bin arewa maimakon ta hau tsakiyar ka, inuwar kowane abu ta yi tsawo tun azahar ba ta yi ba. Na riƙa yin barci ina farkawa, duk sanda na buɗe ido sai in ga kamar ba mu motsa ba.

Masaukin kan tsaunin gida ne na mutanen da suka juya dare ya koma rana. Labulayen baƙaƙe ne masu kauri. Ana karin kumallo bayan azahar. Kowa yana magana ƙasa-ƙasa a baranda saboda masu barci, da magariba ta yi kuma ba a kunna farar fitila a waje, sai ja. Naman tunkiya ne safe da yamma, ga shi da yawa amma shiru yake a baki, sai da na fito da yajin Goggo.

A ɗakin cin abinci na fara ganin Farfesa Marika. 'Yar ƙarama ce, kanta fari fat, tabaraunta mai kauri kamar gindin kwalba. Ta girmi mahaifiyata nesa ba kusa ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ta sunkuyo tana dube-dube a ƙasa, ta ce, "Me ya faɗi?" Da na yi mata bayani sai ta kama hannuna ta tashe ni.

"A nan babu durƙuso. Kuma Marika za ka ce mini."

Na ce to, amma har na baro ƙasar bakina bai iya ba. Farfesa na riƙa cewa.

Da yammar ranar, Litinin ce, ta buɗe wata tsohuwar jaka ta fito da hoto babba wanda gefensa ya yi rawaya. Hoton dunƙulen taurarin ne, an bi wasu an rubuta musu lamba da tawada. Ta kawo fuskarta dab da takardar, ta ɗora yatsa a kan lamba sha tara, wanda aka kewaye da ja.

"Wannan nawa ne," in ji ta. "Tun ina ɗaliba na auna shi. Yana cikin mafi haske a dunƙulen, ya kamata a ce tuƙi ya gama da shi tuntuni, amma fatarsa tana nan kamar ba a taɓa motsa shi ba. Awon da na yi a lokacin bai da tsabta, ba wanda ya yarda da ni. Shekara arba'in ina so in sake. In na san abin da ya hana wannan, na san abin da yake tuƙa sauran."

Yadda take maganar sai ka ce ɗanta ne da ya yi nisa. Sannan ta miƙo mini jerin taurarinmu, ta ce in gwada su da sabon kundin da wani tauraron ɗan Adam ya tattara, wanda yake nuna inda kowane tauraro ya dosa. Ta ce aikin cika ƙa'ida ne kawai, ita ƙananan rubutun kwamfuta suna gajiyar da ita.

Na koma ɗaki na fara. Nawa shida lafiya lau, duk hanya ɗaya suka nufa da dunƙulen. Da na zo kan sha tara sai na ga ya kama wata hanya dabam. Na sake dubawa. Na tashi na wanke fuska, na dawo na sake. Sha tara ba ɗan dunƙulen ba ne. Wani tauraro ne na kusa da mu da ya tsaya a gabansu, kamar mai wucewa da ya faɗo cikin hoton biki. Kusancinsa ne ya sa yake da haske. A gaskiya bai ma kai shekarun tuƙi ba, don haka babu wani abin mamaki a fatarsa.

Na zauna a bakin gado. Ku da kuka san gidanmu kun san ƙarami ba ya nuna wa babba kuskurensa. Shekarar da mahaifina ya shigar da kunya biyu cikin gonar maƙwabcinmu bisa kuskure, duk gidan mun gani, ba wanda ya buɗe baki. Yayana ya hau keke ya tafi garin Ƙofa wurin Malam Idi, abokin Baba tun ƙuruciya. Malam Idi ya zo ranar kasuwa kamar hanya ce ta biyo da shi, suka ci goro, suka yi hirar mutanen da suka rasu, sannan ya ce su zagaya gona ya ga yabanya. Da yamma Baba da kansa ya ce a mayar da iyaka. Ba wanda ya ji kunya, ba wanda ya ɗaga murya. Haka na tashi na gani, kuma har yau ina ganin kyansa. To ni, baƙon kwana ɗaya, wanda aka yi wa alfarma, in dubi tsohuwa in ce mata abin da ta riƙe shekara arba'in iska ne?

Daren farko gajimare ya rufe sama, ba a buɗe rufin na'urar ba. Muka zauna a ɗakin aiki muna shan shayi. Na ga dama ta samu, na ce bari in bi ta gefe.

"Farfesa, a wajenmu wani lokaci baƙuwar saniya takan shiga garke. Launinsu ɗaya, ba ka ganewa, sai an tashi tafiya ka ga ta yi nata wuri."

Idonta ya yi haske. "Kai, da kyau! Ba ni labarin shanunku. Da gaske ne ƙahonsu ya kai tsawon hannu?"

Har asuba ina ba da labarin shanu.

Ranar Talata na ɗauki ragowar yajin Goggo na tafi garejin Baba Pita. Na lura sa'an Farfesa ne, kuma shi kaɗai yake tsokanarta ta yi dariya. Na ce a raina ga Malam Idi na samu. Na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi gwiwarsa, na ajiye yajin. Sannan na ce akwai abin da yake damuna, irin wanda ƙarami ba ya iya faɗa wa babba. Ya dube ni da tausayi, ya ce ya gane sarai. Da na koma ɗaki na tarar an ƙaro mini hitar ɗumama ɗaki da bargo.

Na koma, wannan karon na fito fili kaɗan. Na ce ya taimaka ya ce wa Farfesa ta sake duba sha tara.

Ya ajiye sifana. "Ni? Ni injin na sani. Ga ta can, taku goma. Je ka faɗa mata."

"Ba zan iya ba, Baba. A wurinmu ba a yi."

"Cizo take yi?"

Na yi ta roƙo har ya ce to. Da yamma a gabana ya ce mata, "Marika, yaron nan naki hankalinsa ba a kwance yake ba a kan sha tara." Ta yi murmushi ta dafa kafaɗata. Ta ce duk matasa haka suke, kowa nasa yake so a fara, kada in damu, nawa ma za a yi. Ni kuwa na sunkuyar da kai na ce na gode.

Daren nan iska ta taso, ƙanƙara ta zubo. Don masu tambaya, e, na taka ta. Ba irin tamu ba ce mai faɗowa kamar tsakuwa, wannan saukowa take a hankali ba ta da sauti, kamar ana shiƙar gari daga sama. Na tsaya a waje cikin jar fitila na buɗe tafin hannu, tana sauka tana ɓacewa. Na daɗe a tsaye ban san me nake tunani ba. Dare biyu sun tafi, saura ɗaya.

Laraba ta waye tas. Da magariba na yi salla a bayan ginin, na sallame na ɗaga kai, sai na kasa tashi. Na san sama tun ina yaro, mun sha kwana a tsakar gida lokacin bazara, amma wannan wata ce dabam. Taurarin sun sauko har gefen ƙasa ta kowane ɓangare, sai ka ji kamar kai ne a rataye su kuma suna ƙasa. Can sama ga dunƙulenmu, ɗan fari-fari kamar an dangwala alli. Hasken da ke shigowa idona ya baro gida tun ba a kafa Kano ba, ya zo ya tarar da ni ina tsoron wata tsohuwa.

A ɗakin aiki Farfesa ta faɗi tsarinta. Sha tara za a fara, awa uku, domin alamar sha uku siririya ce, tana son awo mai tsabta wanda ba mai musu. Bayan nan nawa shida. Baba Pita ya leƙo ya ce akwai gajimare yana tahowa daga yamma, amma yana jin sai wajen asuba. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "To, Farfesa."

Rufin ya buɗe da ƙugi, na'urar ta juya. Yadda aikin yake, ana tara hasken tauraro ne a baje shi kamar bakan gizo, sai ka ga siraran layuka baƙaƙe a jiki. Su suke faɗin abin da ke fatar tauraron, su ne kuma suke faɗin gudunsa, domin in yana tafiya dabam sai layukan su goce gefe. Bayan awa ɗaya kashi na farko ya fito a allo. Da kallo ɗaya na ga sun goce.

Farfesa tana zaune a baya da bargo a gwiwa. Ta ce, "Yaya ya fito, Nafi'u? Duba mini."

Na ce, "Hasken ya fito da tsabta, Farfesa."

Ban yi ƙarya ba, amma Allah ya sani ban faɗi gaskiya ba. Wannan ne wurin da nake tsallakewa a bencin mai shayi. Awa ta biyu ta wuce tana ba ni labarin mijinta marigayi, yadda suke hawowa tsaunin nan da ƙaramar mota suna tsayawa a hanya injin ya huce. Ina jin ta kamar daga nesa. Ina kallon agogo, ina jin kowane minti yana fita daga jikina, kuma duk da haka harshena ya ƙi.

Da kashi na uku ya fito sai ta taso da kanta. Ta jawo kujera, ta kawo fuskarta har hancinta ya kusa taɓa allon, ta bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya. Ta koma farko ta sake bi.

"Wannan ba gudun dunƙulen ba ne," ta ce a hankali.

Ta juyo ta dube ni.

"Nafi'u. Kundin da na ba ka. Ka gani?"

"Na gani, Farfesa."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar Litinin."

Na jira faɗa. Da ta yi faɗan da na fi jin daɗi. Ta cire tabarau ta goge da gefen rigarta, ta mayar. Sai ta ce, "Saniyar nan da ka ba ni labari." Na ce e. Ta gyaɗa kai. "Juya na'urar. Tauraronka na farko. Yi sauri."

Muka sami na farko. Muka sami na biyu. Muna tsakiyar na uku layukan suka fara dushewa, Baba Pita ya shigo ya ce gajimaren ya riga lokacinsa. Aka rufe rufin.

Da hantsi ta aiko a kira ni. Hoton nan yana shimfiɗe a kan tebur, ta miƙo mini biro.

"Kai ka gano, kai za ka soke shi."

Na ce ta yi mini rai. Na yi mata bayanin Malam Idi da gonar Baba, na ce girmamawa ce ta hana ni, ba raini ba. Ta saurara har na gama.

"Na yarda," in ji ta. "Al'ada ce mai kyau inda ake da lokaci. Gona tana nan gobe. Mu dare uku aka ba mu." Ta tura hoton gabana. "Soke."

Na ja layi a kan sha tara. Ta ɗauki hoton ta naɗe, ba ta sake dubansa ba.

Digirin dai ya koma baɗi, in Allah ya kai mu, in kuma shugabanmu ya sauko daga maganarsa. Taurari biyu ba sa yin kundin digiri. Wannan ni na jawo, kuma na iya ɗauka. Abin da ya tsaya mini a rai a hanyar saukowa ya faru.

Mu uku ne a motar. A wani ƙaramin gari muka tsaya shan mai, Farfesa ta ce ita za ta sayo mana kofi mai zafi mu sha. Muna kallonta ta nufi shagon tana taka ƙasa a hankali, da ta zo bakin ƙofa sai ta miƙa hannu tana laluben marikin, alhali ga shi a gabanta.

Baba Pita ya ce, "Ba za ta sake hawowa ba, ka sani."

Na ce ban gane ba.

"Idon. Likita ya ce kafin baɗi ko lambar mota ba za ta karanta ba. Dare ukun nan na sallama ne ta roƙa."

"Me ya sa ba ta faɗa ba?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Kai me ya sa ba ka faɗa ba?"

Na rasa inda zan sa idona. Duk kwanakin nan ina ganin darena nake ƙonawa don in kare mutuncinta, har ina jin kaina wani mai sadaukarwa. Ashe nata ne na ƙarshe, na zauna ina kallo ta kashe shi a kan baƙon tauraro, ta tambaye ni da bakinta na ce mata ya fito da tsabta.

Ta dawo da kofi uku, ta miƙo mini nawa ta taga. Da muka hau hanya ta ce, "Nafi'u, na san ka yi wa biyun nan awon gaggawa da safe, kowane ɗalibi yana yi. Karanta mini, ni ba na gani sosai."

Na buɗe kwamfuta a kan cinya. Na ce na farkon, mai ƙarancin haske, fatarsa tana nan yadda lissafi ya ce, tuƙi bai taɓa shi ba. Na biyun kuwa sha uku ya cika shi.

Ta juya ga taga, tumaki suna wucewa. Sannan ta ɗaga yatsu biyu ta ware su kaɗan.

"To a tsakanin nan yake farawa," ta ce. "Sauran huɗun da sun gaya mana a ina."

Babu zargi a muryarta ko kaɗan. Ta jingina kai da gilashi ta rufe ido, yatsun nan biyu suna nan a ware a kan cinyarta, har muka fara hango teku.